Yadda Ake Binciken Babbar Lamba a Gano Halayenta da Ajinta

Idan aka ajiye wa mutum lamba mai alƙaluma bakwai aka ce ya faɗi abin da ya sani a kanta, yawanci ba zai wuce cewa tana da girma ba, sai kuma ya duba ƙarshenta ya ce cika ce ko mara. Alhali kowace lamba tana ɗauke da halaye da dama da ido ba ya gani a kallon farko, kamar yawan lambobin da ke raba ta daidai, da jimlarsu, da ko murabba'i ce, wato sakamakon ninka wata lamba da kanta, da kuma ajin da masana lissafi suka sanya irinta tun zamanin da. Kusan duk waɗannan amsoshi daga wuri ɗaya suke fitowa, wato farfasa lambar zuwa lambobin asali da aka ninka suka haife ta. Wanda ya yi wannan aiki da kyau, sauran binciken zai zo masa da sauƙi, wanda kuwa ya tsallake shi zai yi ta lalube ne kawai.

Lambar asali ita ce wadda ta wuce 1 kuma babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Wadda take da wasu masu raba ta ban da waɗannan biyun, haɗaɗɗiya ce. Ita 1 ba a lissafa ta a kowane ɓangare. Kamar yadda ake ɗora tubali kan tubali a tayar da gini, haka kowace haɗaɗɗiyar lamba take fitowa daga ninka lambobin asali, kuma ta hanya ɗaya tak, ko ta ina aka fara farfasa ta. Gauss, masanin lissafi ɗan Jamus, ya rubuta cikakkiyar hujjar wannan ƙa'ida a shekarar 1801, ko da yake tushenta yana nan tun zamanin Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka. Don a ga aikin a fili, za mu riƙe lamba ɗaya, 1,200,276, mu bi ta daga farko har ƙarshe, kuma ya kamata mai karatu ya ɗauki takarda da biro ya riƙa gwada kowane mataki da kansa.

Ana farawa da abin da ƙarshen lambar yake nunawa. Tunda ta ƙare da 6, cika ce, 2 tana shiga cikinta. Don a san ko 4 tana shiga, alƙaluma biyun ƙarshe kaɗai ake dubawa, domin 4 tana raba kowane ɗari daidai, kuma 76 gida huɗu 19 ne ba saura. Ga 8 kuwa ukun ƙarshe ake dubawa, kuma 276 ta bar saura 4, saboda haka tun kafin a yi rabawa ko ɗaya mun san cewa 2 sau biyu kawai za ta fito. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka an sallami 5. Sai a tara alƙalumanta, 1 da 2 da 0 da 0 da 2 da 7 da 6, a sami 18, wadda 3 da 9 duk suke rabawa, kuma wannan ya isa shaida cewa suna raba babbar lambar ma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: 10 da 100 da 1,000 kowannensu ya ɗara 9 ko 99 ko 999 da ɗaya ne kacal, shi ya sa sauran da lamba take bari idan aka raba ta gida tara daidai yake da sauran da jimlar alƙalumanta take bari.

Gwajin da na fi so a koya wa kowane ɗalibi shi ne na 7 da 11 da 13, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa 7 da 13 ba su da gajeriyar hanya, sai doguwar rabawa. Sirrin yana cikin 1,001, wadda ita ce 7 × 11 × 13. Tunda 1,000 ta gaza 1,001 da ɗaya, ana iya yanka babbar lamba uku-uku daga hannun dama, kamar yadda waƙafi ya riga ya yanka ta, sannan a riƙa ɗebewa ana tarawa bi da bi. A lambarmu yankunan su ne 276 da 200 da 1, sai a ce 276 a ɗebe 200 a ƙara 1, a sami 77. Duk abin da 7 ko 11 ko 13 za su yi wa 77, shi za su yi wa 1,200,276. To, 77 ita ce 7 × 11, ashe waɗannan biyun suna shiga, 13 kuma ta bar saura 12, ba ta shiga. Da ɗebewa ɗaya da tarawa ɗaya an yanke hukuncin lambobin asali uku. Idan sakamakon ya faɗa ƙasa da sifili, ba matsala, a yi watsi da alamar ɗebewar a gwada abin da ya rage, in kuwa sifili ne cif, dukkan ukun suna shiga, kamar yadda ake gani a 720,720, wadda ita ce 720 × 1,001.

Yanzu sai rabawa, kuma a yi ta a tsanake daga ƙarama zuwa babba, kada a bar wata lambar asali sai ta daina shiga. An raba 1,200,276 gida biyu an sami 600,138, an sake an sami 300,069, wadda mara ce. An raba gida uku an sami 100,023, an sake an sami 33,341, kuma jimlar alƙaluman wannan 14 ce, ke nan 3 ta gama aikinta. Gida bakwai ya ba da 4,763, wadda 7 ta bar mata saura 3 da aka sake gwadawa, sai gida goma sha ɗaya ya ba da 433.

A nan ne ake yawan ɓata lokaci, ko kuma a yi gaggawa a yanke hukunci ba hujja. Shin 433 lambar asali ce, ko akwai abin da ke ɓoye a cikinta? Ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba ta fito daga ninka wasu biyu, dole ɗayarsu ba ta wuce tushen murabba'inta ba, wato adadin da in aka ninka shi da kansa yake ba da lambar, domin in dukkansu sun wuce, ninkinsu zai zarce lambar. Tunda 21 × 21 ya ba da 441, wanda ya wuce 433, gwaji ya tsaya a 19. An riga an gama da 2, 3, 5 da 7, sai 11 da ta bar saura 4, da 13 da ita ma ta bar 4, da 17 da ta bar 8, da 19 da ta bar 15. Babu wadda ta shiga, saboda haka 433 ta asali ce, kuma farfasawar ta kammala:

1,200,276 = 2 × 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 433

Kafin a wuce, a sake ninka su a tabbatar: 4 × 9 ya ba da 36, sau 77 ya ba da 2,772, sau 433 ya dawo da 1,200,276. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan layi ɗaya ya dogara, kuma kuskure ɗaya a cikinsa zai gurɓata kowace amsa.

Abu na farko da layin yake bayarwa shi ne yawan masu raba lambar. Kowane mai raba ta ana haɗa shi ne daga waɗannan lambobin asali, ta hanyar zaɓen sau nawa za a ɗauki kowacce. Ana iya ƙin ɗaukar 2, ko a ɗauke ta sau ɗaya, ko sau biyu, zaɓi uku ke nan, haka ma 3, sannan 7 da 11 da 433 kowacce zaɓi biyu ne, a ɗauka ko a bari. Ƙa'idar dai ita ce a ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowace lambar asali, sannan a ninka sakamakon: 3 × 3 × 2 × 2 × 2, wato 72. Lambarmu tana da masu raba ta 72, har da 1 da ita kanta, kuma mun san haka ba tare da mun jera ko ɗaya ba. Don a gane ko 72 yawa ne, a kwatanta da 720,720, wadda ta fi ta ƙanƙanta amma take da 240, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ta kai wannan adadi. Irin waɗannan lambobi da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu rabawa su ne Ramanujan, masanin lissafi ɗan ƙasar Indiya, ya yi dogon nazari a kansu a shekarar 1915. Tamu ba ta cikinsu.

Jimlar masu rabawa ma ba ta bukatar a jera su. Ga kowace lambar asali, a tara zaɓuɓɓukanta: na 2 su ne 1 + 2 + 4, wato 7, na 3 su ne 1 + 3 + 9, wato 13, na 7 ya ba da 8, na 11 ya ba da 12, na 433 ya ba da 434. Idan aka ninka waɗannan biyar, kowane mai raba lambar zai fito sau ɗaya a cikin ninkin, shi ya sa sakamakon ya zama jimlarsu. To 7 × 13 ya ba da 91, sau 8 ya ba da 728, sau 12 ya ba da 8,736, sau 434 ya ba da 3,791,424. A ɗebe lambar kanta, abin da ya rage shi ne 2,591,148.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne mabuɗin rabe-raben da ya fi kowanne daɗewa, wanda Nikomakus, wani masanin Girka, ya tsara wajen shekara ta 100 miladiyya. Idan jimlar masu raba lamba, ban da ita kanta, ta gaza lambar, ana ce mata mai giɓi, idan ta zarce ta mai rara ce, idan kuwa ta yi daidai da ita cif, kammalalliya ce. Tamu mai rara ce, kuma rarar tata babba ce, tunda 2,591,148 ya ninka lambar fiye da sau biyu. Akwai ma hanyar gane hakan cikin daƙiƙa kaɗan, wadda nake ganin ta fi dogon lissafin nuna dalili. Duk lambar da 6 take rabawa, rabinta da sulusinta da sudusinta sun riga sun haɗa ta cif: 600,138 da 400,092 da 200,046 jimlarsu 1,200,276 ne. Da zarar an ƙara 1 kawai, wadda ita ma mai raba ta ce, an shiga rara, balle sauran sittin da wani abu. Haka abin yake ga duk ninkin kammalalliyar lamba da ya wuce ita kanta, da duk ninkin mai rara. Mafi ƙanƙantar mai rara ita ce 12, kuma kada a ɗauka dukkansu cika ne, domin 945 mara ce kuma mai rara, ita ce ta farko a irinta. Kowace lambar asali kuwa mai giɓi ce matuƙa, tunda ba ta da mai raba ta ƙasa da ita sai 1.

Kammalallun lambobi ba su da yawa ko kaɗan: 6, 28, 496, 8,128, sannan sai 33,550,336. Yuklid ya nuna cewa idan aka ninka 2 a kanta sau wani adadi aka ɗebe ɗaya aka sami lambar asali, to ninka wannan lambar da rabin ninkin 2 ɗin yana ba da kammalalliya, kamar 8,191 × 4,096 da ya ba da ta biyar ɗin nan. Bayan kusan shekara dubu biyu Oila, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lamba mai cika wannan siffa take da ita. Amfanin hakan ga mai bincike a bayyane yake, domin duk lambar cika da aka ga lambobin asali fiye da biyu a farfasawarta, ba kammalalliya ba ce, ba sai an tara komai ba. Har yau ba a taɓa samun kammalalliyar mara ba, kuma ba a kawo hujjar cewa babu ita ba. Da wannan jimlar dai ake gano lambobi abokan juna, irin 220 da 284, inda masu raba kowacce, ban da ita kanta, suke haɗuwa su ba da ɗayar, waɗanda masani Sabit bin Ƙurra ya samo ƙa'idar fitar da wasunsu a Bagadaza a ƙarni na tara.

Batun murabba'i ya nuna iyakar gajerun gwaje-gwaje. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma idan ya ƙare da 6 dole alƙalamin da ke gabansa ya zama mara. Lambarmu ta ƙare da 76, ta tsallake wannan, kuma 4 da 9 duk suna raba ta, saboda haka mai gaggawa zai iya zaton murabba'i ce. Farfasawa ce ke raba gardama: lamba tana zama murabba'i ne kawai idan kowace lambar asali ta fito bibbiyu, amma 7 da 11 da 433 sau ɗai-ɗai suka fito. Hakika tana tsakanin 1,095 × 1,095, wato 1,199,025, da 1,096 × 1,096, wato 1,201,216. Yawan masu raba ta ma shaida ne, domin murabba'i ne kaɗai yake da adadin masu rabawa na mara, 72 kuwa cika ne. Ba ta kuma cikin lambobin da babu murabba'in da ke raba su, tunda 4 da 9 da 36 duk suna shiga. Haka nan ba za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ba, domin sharaɗin hakan shi ne duk lambar asali da ke barin saura 3 idan aka raba ta gida huɗu ta fito bibbiyu, kuma 7 da 11 sun karya sharaɗin, ko da yake ita 433 a karan kanta 144 + 289 ce, wato murabba'in 12 da na 17. Jimlar murabba'i huɗu kuwa kowace lamba tana da ita, kamar yadda masanin lissafi Lagiranj ya tabbatar a 1770.

Akwai wani adadi da ake yawan nema, wato lambobi nawa ne daga 1 zuwa lambar ba su haɗa wani mai rabawa da ita ba sai 1, abin da ake dangantawa da Oila. Rabin lambobi 2 ba ta raba su, kashi biyu cikin uku 3 ba ta raba su, shida cikin bakwai 7 ba ta raba su, haka har zuwa 432 cikin 433. Idan aka ninka lambarmu da waɗannan kasonni duka, amsar ita ce 311,040.

Wasu halayen kuma na rubutun lambar ne, ba nata ba, kuma a ganina ya kamata a riƙa ware su gefe a duk lokacin da ake bayyana lamba, domin haɗa su da na baya yana rikita mai koyo. Misali, jimlar alƙalumanta, 18, tana raba ta daidai ta ba da 66,682, wanda ya sa ta cikin ajin da Kaprekar, wani masanin lissafi ɗan Indiya, ya sanya wa suna Harshad. Amma wannan ya dogara ne ga ƙirgen goma-goma da muke amfani da shi. A ƙirgen bibbiyu na kwamfuta, lambar tana zama 100100101000010010100, alƙaluma 21, kuma jimlarsu 7 ce. Yawan masu raba ta da kasancewarta mai rara ba sa canjawa ko da wane ƙirge aka rubuta ta. Sifili biyun da ke ƙarshen rubutun kwamfutar ma 2 × 2 ɗin nan ne suka sake bayyana.

Ba kowace lamba ce take miƙa wuya da sauƙi irin wannan ba. Wanda ya ɗauki 999,983 zai gwada duk lambobin asali 168 da ke ƙasa da 1,000 kafin ya tabbatar babu mai shiga, kuma ita ce lambar asali mafi girma a ƙasa da miliyan. Idan ana zargin lamba ta fito daga ninka wasu biyu masu kusanci da juna, dabarar Fama, masanin lissafi ɗan Faransa, ta fi sauri: a nemi murabba'in da ya ɗara lambar, a duba ko bambancin shi ma murabba'i ne. A 8,051, murabba'in 90 shi ne 8,100, bambancin 49 ne, wato 7 × 7, saboda haka lambar ita ce 83 × 97, 90 a ɗebe 7 da 90 a ƙara 7. Kuma kada a amince da kamanni ko sunan wanda ya faɗa. Fama kansa ya yi zaton 4,294,967,297 ta asali ce, sai a 1732 Oila ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce.

Idan alƙaluma suka kai gommai ko ɗaruruwa, tambayar ko lamba ta asali ce takan rabu da tambayar mene ne ke raba ta, kuma ta farkon ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙa'idar Fama ta ce idan lamba mara ta asali ce, aka ninka 2 a kanta sau adadin lambar ba ɗaya, aka raba da lambar, saura 1 zai fito. In wani saura dabam ya fito, haɗaɗɗiya ce tabbas, ko da ba a san masu raba ta ba. In kuwa 1 ya fito, ba a gama ba tukuna, domin 341, wadda take 11 × 31, tana tsallake gwajin da 2, sai an gwada da 3 asirinta yake tonuwa. Ita 561, wato 3 × 11 × 17, tana tsallakewa da duk lambar da ba su haɗa mai rabawa ba, kuma masanin lissafi Kamaikel ne ya bayyana irinta a 1910. Shi ya sa manhajojin lissafi suke amfani da gwajin Miller-Rabin, wanda ya toshe wannan kafa, kuma mai amfani da su ya kamata ya duba ko amsar da aka ba shi tabbatacciya ce ko kyakkyawan zato ne. A 2002 wasu masana uku a Kanfur ta Indiya, Agrawal da Kayal da Saxena, suka nuna cewa ana iya yanke hukuncin da cikakken tabbaci cikin lokacin da ba ya hauhawa fiye da kima yayin da alƙaluma suke ƙaruwa. Farfasa lamba mai alƙaluma ɗari shida da aka haɗa daga manyan lambobin asali biyu kuwa ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake aiki da su a yau, kuma a kan wannan wahala ce tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara wajen tsare bayanai a intanet.